Maganar Hannu da Ilmin Kurame a Ƙasar Makarfi, Ikara da Kudan

GABATARWA



Batun wannan lacca shi ne ilmin yaran da ba sa ji, da kuma harshen da ya kamata a ba su ilmin da shi. An zaɓi ƙasar Makarfi da Ikara da Kudan don a kafa misali da ita, saboda yanki ne na manoma, mai yawan ƙauyuka, wanda yake zaune tsakanin manyan biranen ilmi guda biyu, watau Zariya da Kano. Idan ilmi ya gagari kurma a wurin da jami'o'i suka sa a tsakiya, to, halin wanda yake nesa da su ba sai an faɗa ba. Abin da laccar za ta yi ƙoƙarin tabbatarwa abu guda ne: ƙasar Hausa tana da harshen hannu nata na kanta, kuma ilmin yaro kurma ba zai kafu ba sai an fara shi da wannan harshe, tun yaron yana ƙarami, a kusa da gidan iyayensa.

KURUMTA DA SANADINTA

Hausa tana da kalmomi biyu da akan haɗa su a wuri ɗaya, alhali ma'anarsu ta bambanta. Kurma shi ne wanda ba ya ji. Bebe kuwa shi ne wanda ba ya ji, ba ya kuma magana da baki. Yawancin waɗanda ake kira bebaye harshensu da maƙogwaronsu lafiya lau suke. Abin da ya hana su magana shi ne ba su taɓa jin ana yi ba, balle su kwaikwaya, domin da kunne ɗan Adam yake ɗaukar maganar baki. Shi ya sa yaron da ya kurmance yana ɗan shekara bakwai yakan ci gaba da magana, wanda kuwa ciwon ya same shi yana goye yakan tashi ba ya yi.

Wasu ana haihuwarsu da kurumta, amma da yawa cuta ce take jawo musu. Arewacin Nijeriya yana cikin yankin nan na Afirka da sanƙarau yake yawan ɓarkewa a lokacin zafi. A annobar 1996 fiye da mutum 100,000 suka kamu a ƙasar nan, fiye da 11,000 suka rasu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kimanin mutum ɗaya cikin biyar na waɗanda suka tashi daga sanƙarau mai tsanani yakan tashi da wata naƙasa, kuma kurumta tana kan gaba a cikinsu. Ban da sanƙarau akwai ƙyanda, da hangum, da ciwon kunne mai zubar da mugunya wanda aka bari ya daɗe, da shawara mai tsanani ga jariri, da wasu allurai masu ƙarfi da akan yi ba bisa ƙa'ida ba. Hukumar ta ƙiyasta cewa yara miliyan 34 ne a duniya suke da matsalar ji mai buƙatar kulawa, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara ana iya kauce mata. An samu ci gaba a wannan fage: a 2011 aka shigo da allurar rigakafin wani nau'in sanƙarau, a 2024 kuma Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai kare nau'i biyar. Rigakafi ya fi magani, gaskiya ne. Sai dai wanda ya riga ya kurmance rigakafi ya wuce shi. Ilmi yake jira.

MAGANAR HANNU HARSHE CE

Bahaushe mai ji ma yana magana da jikinsa. Yana jinjina wa sarki, yana yafito yaro da hannu, yana yi wa wanda ya ɓata masa rai daƙuwa, yaro kuma yana maƙale kafaɗa idan ya ƙi. Saboda haka mutane da yawa suna zaton abin da kurame suke yi shi ke nan, an dai ƙara masa yawa. Wannan zato kuskure ne. Bambancin da ke tsakanin waɗannan ishara da Maganar Hannu kamar bambancin da ke tsakanin tsaki da jimla ne.

Wanda ya fara tabbatar da haka ta hanyar ilmin harsuna shi ne William Stokoe na Kwalejin Gallaudet ta Amurka, a 1960. Ya nuna cewa kamar yadda kalmar baki take ginuwa daga baƙaƙe da wasula, haka kalmar hannu take ginuwa daga siffar da hannu ya ɗauka, da wurin da aka ajiye shi a jiki, da irin motsin da ya yi. Masana na baya suka ƙara da inda tafin hannu ya fuskanta, da yanayin fuska. Idan aka sauya ɗaya daga cikin waɗannan, ma'ana ta sauya, kamar yadda karin sauti yake raba kuka na ido da kuka ta miya. Fuska kuwa nahawu take ɗauke da shi, da ita ake bambanta tambaya da labari, da ita ake korewa.

Harshen hannu ba ɗaya ba ne a duniya. Amurka da Ingila suna magana da Ingilishi ɗaya, amma kuramensu ba sa fahimtar juna kai tsaye, har ma na Amurka ya fi kusa da na Faransa saboda dalilin tarihi da za a ambata nan gaba. Ƙasar Hausa ma tana da nata, wanda ake kira Maganar Hannu ko Maganar Bebaye. Ba wani mutum ne ya ƙirƙire ta ba, ba kuma daga makaranta ta fito ba. Kurame ne suka gaje ta daga kurame, a kasuwa da dandali da wurin sana'a. Wata masaniya Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano a shekarun 1990, ta kuma wallafa littafin nazarin wannan harshe a shekarar 2000. Daga cikin abin da ta lura da shi akwai cewa masu ji da yawa a ƙasar Hausa suna iya yin hira da kurma gwargwado, ba sa kuma jin kunyar yi. Ga kuma sarautar Sarkin Bebaye, wadda take nuna cewa tsarin gargajiya ya san kurame a matsayin jama'a mai shugabanci, kamar yadda ya san makafi da guragu.

Addini ma bai raina ishara ba. Alƙur'ani mai girma ya ba da labarin Annabi Zakariyya, wanda aka sanya masa alamar kwana uku ba zai yi wa mutane magana ba sai da ishara, da na Nana Maryamu da ta yi nuni ga jaririnta. Malaman fiƙihu kuma sun daɗe da karɓar isharar bebe wadda aka fahimta a cikin ciniki da aure da saki. Ke nan shari'a ta yarda cewa hannu yana ɗaukar niyya da ma'ana. Abin mamaki ne a ce alƙali ya karɓi harshe, malamin makaranta ya ƙi shi.

YADDA MAKARANTUN KURAME SUKA SAMU

A wajen 1760 wani limamin Kirista, de l'Épée, ya buɗe makarantar kurame a birnin Faris, ya kuma gina koyarwarsa a kan alamun da ya tarar kuramen birnin suna yi. Daga wannan makaranta wani malami kurma, Laurent Clerc, ya ƙetara Amurka, shi da Thomas Gallaudet suka kafa makaranta a 1817. A 1864 aka kafa kwalejin kurame a Washinton, wadda ita ce Jami'ar Gallaudet ta yau. Amma a 1880 wani babban taron malaman kurame da aka yi a Milan ta Italiya ya zartar cewa a fifita koyar da maganar baki da karatun leɓe a kan maganar hannu. Kusan duk mahalarta taron masu ji ne. Abin da ya biyo baya shi ne an kori malamai kurame daga aiki a ƙasashe da yawa, aka hana yara ɗaga hannu a aji, aka ɓata shekarunsu wajen tilasta musu furta sautin da ba sa ji, lissafi da tarihi suna jira. Sai a 2010, bayan shekara 130, taron ya zauna a Kanada ya janye wannan hukunci a fili.

A Afirka ta Yamma sunan da ya fi fitowa shi ne Andrew Foster, baƙar fata kurma ɗan Amurka, ɗan mishan, wanda ya gama Gallaudet a 1954. Ya buɗe makaranta a Gana a 1957, ya buɗe ta Ibadan a 1960, daga baya aka samu wasu a Kaduna da Inugu. Kafin rasuwarsa a haɗarin jirgin sama a Ruwanda a 1987 ya kafa makarantu fiye da 30 a ƙasashe 13. Gwamnati ta shigo da ƙarfinta bayan shirin ilmin firamare kyauta na 1976. A 1977 Manufar Ilmi ta Ƙasa ta keɓe babi ga ilmi na musamman, a shekarar aka kafa kwalejin horar da malaman wannan fanni a Oyo, a shekarar kuma aka buɗe makarantar Tudun Maliki a Kano.

Foster ya yi aikin da ya cancanci yabo, domin ya koyar da hannu a zamanin da wasu suke hanawa. Amma harshen da ya zo da shi na Amurka ne, kuma shi malaman da aka horar suka gada, suna jera alamunsa bisa tsarin jimlar Ingilishi. Ta haka aka wayi gari ƙasar Hausa tana da harsunan hannu biyu: na gida, wanda ba shi da aji, da na makaranta, wanda ba shi da gida.

HALIN YARON ƘAUYE

A ɗauki misalin yarinya a wani ƙauye na Gubuchi, ko Paki, ko Likoro, wadda sanƙarau ya kama tana da shekara ɗaya, ta tashi ba ta ji. Iyayenta masu ji ne, kamar yadda binciken da aka yi a Amurka ya nuna cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na yara kurame iyayensu suna ji. Ita da uwarta za su ƙaga 'yan alamu na ci da sha da aike. Waɗannan za su isa a ce mata ta ɗebo ruwa, amma ba za su isa a gaya mata dalilin da ya sa ake azumi ba, ko abin da ya kashe kakarta. Sa'o'inta suna kwasar tatsuniya da karin magana da hirar manya ba tare da wani ya zaunar da su ba, ita kuwa tana kallon leɓuna suna motsi. Masana sun tabbatar cewa shekarun farko, musamman biyar na fari, su ne lokacin da ƙwaƙwalwa take kama harshe cikin sauƙi, kuma wanda ya wuce su ba shi da cikakken harshe, na baki ko na hannu, yakan sha wahalar karatu har girmansa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Idan ta isa shiga makaranta, katanga uku ne a gabanta. Ta farko nisa. Makarantun kurame da suka yi suna a manyan birane suke, kamar makarantar ilmi na musamman ta jiha da ke Kaduna, da ta Kawo, da Tudun Maliki ta Kano. Daga Makarfi zuwa Kaduna ya haura kilomita 100. Manomin rake ko na tumatir da zai ɗauki 'yar shekara shida, wadda ba ta iya faɗin sunan garinsu ba in ta ɓace, ya kai ta kwana a wani birni, ba ƙaramin ƙarfin hali yake buƙata ba, ban da kuɗin mota da na guzuri. Da namiji ne ma da sauƙi. Ɗiya mace yawanci a gida take ƙarewa.

Katanga ta biyu ita ce ajin da ba shi da harshe. Idan aka sa ta a firamaren garinsu tare da masu ji, sunanta zai shiga rajista, za a ƙidaya ta cikin waɗanda ilmi ya kai gare su. Amma malami yana magana yana fuskantar allo, ita tana kwafar zanen da ba ta san abin da yake nufi ba. Karatun leɓe ba ya fisshe ta, domin sautuka da yawa kamanninsu ɗaya a baki: mai kallo ba zai raba baba da mama ba, balle ya ga karin sauti ko tsawon wasali, waɗanda Hausa ta dogara a kansu. Shekara shida za ta yi a kan benci, an yi ba a yi ba.

Katanga ta uku tana jiran wadda ta yi sa'a ta kai makarantar kurame. A can za ta tarar da alamun Amurka da rubutun Ingilishi, watau baƙin harsuna biyu a lokaci ɗaya, alhali ba ta da na fari da za ta jingina su a kai. Baƙaƙen yatsu 26 da aka aro ba su tanadi ɓ da ɗ da ƙ ba. In ta dawo hutu, abin da ta koyo uwarta ba ta gane shi, malamin allo bai san shi ba. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya nuna cewa yaran da aka koyar da harshen uwa ba su kasa a Ingilishi ba, sun ma fi fahimtar darussa. Babu dalilin da zai sa wannan ƙa'ida ta tsaya a kan masu ji.

Akwai masu cewa harshen makaranta shi ne yake haɗa kurman Zazzau da na Legas, shi ne kuma hanyar sakandare da jami'a. Wannan magana gaskiya ce, kuma ba a ce a yar da shi ba. Ana batun wanda za a fara da shi ne. Akwai kuma iyayen da suke tsoron cewa in yaro ya saba da hannu ba zai yi magana ba. Bincike bai goyi bayan wannan tsoro ba. Yaron da yake da sauran ji, a kai shi a auna, a Asibitin Koyarwa na Shika ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, a sa masa na'urar ƙara ji in za ta amfane shi, amma kada a bar shi ba harshe ana jiran ranar da zai yi magana.

ABIN DA DOKA TA TANADA

Ma'aikacin gwamnati zai so ya san madogara. Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2010, kuma sashe na 24 nata ya wajabta sauƙaƙa koyon harshen hannu da ɗaukar malaman da suka ƙware a kansa, har da malamai naƙasassu. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. Dokar ta ba su ilmi kyauta har ƙarshen sakandare, ta ce kowace makarantar gwamnati ta samu ma'aikacin da aka horar don kula da su, ta kuma ce harshen hannu ya shiga manhajar firamare da sakandare da manyan makarantu. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta riga ta ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don ilmin farko. Wasu ƙasashen Afirka sun wuce nan: Yuganda ta ambaci harshen hannu a tsarin mulkinta na 1995, Afirka ta Kudu ta mai da shi harshen hukuma na 12 a 2023. Ke nan doka ba ta yi ƙaranci ba. Abin da ya rage shi ne a sauko da ita daga takarda zuwa aji.

SHAWARWARI

Na farko, a san yawansu. Masu unguwanni da dagatai da hakimai sun san kowane gida da yake da kurma, ma'aikatan rigakafi kuma suna shiga gida gida. In sashen ilmi na kowace ƙaramar hukuma ya haɗa kai da su, cikin zango ɗaya za a samu sunaye da shekaru.

Na biyu, a buɗe ajin kurame a babbar firamare ta Makarfi, da ta Ikara, da ta Hunƙuyi, a riƙa tattaro yaran ƙauyukan kewaye. Hikimar tattarawa ita ce harshe ba ya rayuwa a wurin mutum ɗaya. A Nikaraguwa, da aka tara yara kurame a makarantun babban birnin ƙasar daga ƙarshen shekarun 1970, su da kansu suka haifar da sabon harshen hannu cikakke. Kurame goma a aji ɗaya sun fi kurame goma a makarantu goma.

Na uku, a ɗauki manyan kurame aiki. A kasuwar rake ta Makarfi, da wuraren dafa mazarƙwaila, da shagunan ɗinki da na gyaran babur, akwai kuramen da suka ƙware a Maganar Hannu. Waɗanda suka yi karatu a ba su gurbin horon malanta, waɗanda ba su yi ba a ɗauke su mataimaka a aji. Yaron da ya ga babba irinsa yana koyarwa ya san shi ma zai zama wani abu.

Na huɗu, a bi tsari: Maganar Hannu tukuna, sa'an nan rubutun Hausa, sa'an nan harshen hannu na makaranta da Ingilishi. A kuma buɗe wa iyaye mata da 'yan'uwa darasi na mako mako, a jawo malaman Islamiyya, domin kurma ma baligi ne da salla ta hau kansa.

Na biyar, makarantar koyon aikin lafiya ta Shehu Idris da ke Makarfi tana yaye waɗanda za su riƙe ƙananan asibitocin karkara. In aka koya musu gane kurumta tun jariri yana goye, da 'yan kalmomin hannu na tambayar majiyyaci, amfanin zai kai ƙauyukan da likita ba ya zuwa.

Na shida ya rataya a wuyan jami'a. Yawancin nazarin da aka yi wa Maganar Hannu a Kano aka yi shi. Sassan harsunan Nijeriya da na ilmi su ɗauki ta ƙasar Zazzau a bidiyo daga hannun tsofaffin kurame, a yi ƙamus, a tsara littattafan aji, a horar da tafintoci, a kuma tanadi tafinta ga duk ɗalibi kurma da ya ci jarrabawar shiga. A duk waɗannan matakai a zauna da Ƙungiyar Kurame ta Ƙasa da rassanta, kada a maimaita kuskuren Milan, inda masu ji suka yanke wa kurame hukunci a bayan idonsu.

KAMMALAWA

An ga cewa kurumta a wannan yanki yawanci cuta ce take kawo ta, cewa Maganar Hannu harshe ce mai ƙa'ida wadda al'ada da shari'a suka daɗe da saninta, cewa makaranta ta zo da wani harshe ta bar na gida a waje, kuma cewa doka ta riga ta ba da izinin gyara. Aji uku, da malamai kaɗan, da layi ɗaya a kasafin kuɗin ƙaramar hukuma ba su fi ƙarfin Makarfi da Ikara da Kudan ba. Kowace shekara da aka jinkirta, akwai yaran da lokacin kama harshe yake wuce su, kuma ba ya dawowa. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: iyaye da sarakuna da ma'aikata da jami'a kowa yana da gefen da zai kama. Ɗaliban da ke wannan zaure kuwa, mafi sauƙin abin da kowannensu zai fara da shi shi ne ya nemi kurman unguwarsu ya koyi gaisuwa daga hannunsa.

Allah ya sa a dace.